Tattakin da muka yi don karkara, da gonar da muka tattake

Ni na kawo shawarar a ƙungiyarmu, don haka ni aka ɗora wa aikin. Mun gaji da taron wayar da kai irin na cikin zaure, inda ake jera mutane a kan kujeru a haska musu hoton daji a bango. Na ce mu fita da su su taka ƙasar da ƙafarsu: tattakin kilomita 12 ta cikin karkara, kowa ya nemo wanda zai biya masa wani abu a kan kowace kilomita, abin da aka tara a sayi dashen itatuwa. Muka tsayar da 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1972, don a ranar ba ka shan wahalar samun mai saurarenka.

Wata biyu na yi ina shiri. Yau in na buɗe littafin da na yi ta rubutu a ciki, duk hidimar baƙi ce: riguna, kyallaye, lasifika, akwatin magani, motar kwasar wanda ya gaza. Hanyar kuwa sau ɗaya tak na bi ta, a kan babur, lokacin ƙasa na bushe, gonaki fayau ba komai. Ban tsaya na tambayi kowa ba.

Kafin ranar ta zo ruwa ya sauka, manoma sun yi shuka. Turbar da na zaɓa mutum biyu take ɗauka kafaɗa da kafaɗa, mu kuwa mun haura ɗari. Da muka iso wani wuri da ruwa ya kwanta, na gaba suka kauce don kada takalmansu su ɓaci, na baya suka bi sahu. Ina can ƙarshe ina fama da lasifika. Kafin in iso, kunya shida ko bakwai sun zama fili, tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba ya manne da laka. Wani dattijo na tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallo.

"Ɗana, kai ne babbansu?"

Na ce ni ne, Baba.

"Me aka rubuta a rigunan nan?"

Na ce, "Mu kare karkara."

Ya dubi rigar, ya dubi gonarsa, ya ce, "To, Allah ya taimaka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ba shi haƙuri, na ce za mu biya. Ya ce maganar biya ta jira, tunda karkara muka zo gani, mu biyo shi, amma a layi ɗaya. Ya kai mu bakin wani kwazazzabo da ya raba gonarsa biyu, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Ya ce yana yaro tsallake shi yake yi da gudu. A jikin gaɓar kana ganin baƙar ƙasa a sama, ba ta wuce taki ɗaya na hannu ba, ƙarƙashinta sai ja da tsakuwa, ga saiwoyi na reto a iska. Na haddace wata magana ta hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, cewa ƙasar noma mai kaurin santimita 2 zuwa 3 kan iya ɗaukar shekara 1,000 kafin ta haɗu, kuma a jawabin rufewa na so in faɗe ta. Nan na faɗe ta, ba lasifika. Wata yarinya ta durƙusa ta gwada baƙar ƙasar da hannunta, ta ɗago ba ta ce komai ba. Duk abin da muka buga a kyalle bai yi aikin minti goman nan ba.

Ya kuma nuna mana wasu kututture da ya hana a tumɓuke. Kowanne ya yi toho da yawa, shi kuma sai ya sassabe ya bar biyu ko uku masu ƙarfi. Ya ce waɗannan ba sa neman ban ruwa, saiwarsu ta daɗe a ƙasa. Na gyaɗa kai kawai, hankalina na kan dashe 300 da ke jiranmu a mota.

Mun dasa su, an ɗauki hoto, an tafa. Washegari mu huɗu muka koma da buhuna muna tsintar robobin ruwan da muka raba, wanda shi ma abin kunya ne da ba na son tsawaita shi. Da rani ya tsaya na koma na ƙirga dashen. Ba su kai 40 ba. Awaki sun ci rabonsu, rana ta ƙarasa sauran. Ba shinge, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa, don kuɗin duk sun tafi a dashe da riguna. Daga baya ne na karanta yadda Wangari Maathai ta yi a Kenya, a ƙungiyar dashen itatuwa da ta kafa a 1977, wadda ta kai ta ga lambar Nobel a 2004: ɗan ladan da ake ba matan karkara a kan itacen da ya rayu ake biyansa. Mu ramukan da muka haƙa muka ƙirga muka sanar.

Shekara ta biyu sai da muka yi cacar baki a ƙungiya. Na dage a rage dashen zuwa 60, mafi yawan kuɗin su tafi a shinge da ladan mai ban ruwa. Wasu suka ce masu ba da gudummawa babbar lamba suke so su ji, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da muka tara ya ragu. Har yanzu akwai wanda ke ganin na kashe wa taron kasuwa. Rana da hanya kuwa mutanen ƙauyen muka bari suka zaɓa, suka kai mu bayan girbi, muka haƙura da 5 ga Yuni, dashen kuma aka jira ruwa. Mun kasa mutane sha biyar sha biyar, kowa da gorar ruwansa, kowane rukuni da ɗan ƙauyen a gaba.

Dattijon bai karɓi kuɗin gonarsa ba har yau. Abin da ya nema shi ne hannu: a jera masa duwatsu a saman kwazazzabon, a gicciye, don ruwa ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Mu ashirin muka yini muna ɗauko dutse. Bayan damina ya aiko a kira ni, ya tura sandarsa a cikin lakar da ta taru a bayan jerin, ya zaro ya nuna mini inda ta tsaya.