Ƙurar da ta ci min wata biyar

Har yau idan na buɗe jadawalin nan sai kunya ta rufe ni. Layi biyu ne, ja na ƙurar Sahara, kore na kulorofil, wato koren sinadarin tsirran teku, suna hawa tare suna sauka tare kamar tagwaye. Wata biyar na yi ina gina kundin digirina na biyu a kansu, ashe da tubalin toka nake ginin.

Ni ɗan Nguru ne, da hazon hunturu na tashi. Teku kuwa sau ɗaya na taɓa ganinsa, a Legas, daga cikin mota. Abin da ya ja ni ga batun shi ne ranar da na karanta cewa ƙurar da ke fasa mana leɓe a watan Janairu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Wurin tsohon gindin tafki ne, tun zamanin da Tafkin Cadi yake ƙato, farar ƙasarsa kuma ragowar ɓawon ƙananan tsirran ruwa ce da suka mutu dubban shekaru. Wato gawar tsirran tafki ce iska ke ɗauka, ta kai wa 'yan'uwansu na Atlantika sinadarin ƙarfe da fosforos. Wani bincike na NASA a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara. Na ce to, bari in gani da idona ko faitofilankton, wato ƙananan tsirran teku, suna ƙaruwa in ƙurar ta sauka.

Sauke alƙaluman bai ba ni wahala ba. Shafin Giovanni na NASA, inda ake sauke alƙaluman taurarin ɗan'adam, kyauta ne, na'urar MODIS da ke kan tauraron Aqua tana aiki tun 2002, kuɗin data kawai na sha. Na zana akwatina, wato yankin tekun da zan bincika a taswira, a gabar Muritaniya da Senegal, na ɗauko kaurin ƙura a sama, na ɗauko kulorofil, na jera su rana da rana. Da layukan suka fito sai da na tashi tsaye a ɗaki. Duk ranar da ƙura ta yi yawa, kulorofil ya yi tsalle a ranar. A ranar fa. Wannan kalma ita ya kamata ta tsayar da ni, ita kuma ce na fi alfahari da ita. Har ja mata layi na yi a babi na huɗu.

Ranar da na gabatar a gaban malaman sashe, wani dattijon farfesa da ba ma fanninsa ba ne, masanin kimiyyar haske ne, ya bari na gama tsaf, sannan ya cire tabarau.

"Ɗana, a gidanku ana noma?"

"Ana yi, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa ganin an zuba taki da safe, gero ya fid da kai da la'asar?"

Ɗakin ya yi tsit. Ya ce in je in karanta yadda tauraron yake gane launin ruwa, in dawo.

Abin da na tarar ya hana ni barci. Tauraron ɗan'adam ba ya ƙirga tsirrai, launi yake aunawa. Kulorofil yana shanye shuɗin haske, saboda haka in shuɗi ya ragu a kan kore, lissafi ya ce tsirrai sun yi yawa. Matsalar ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ke isa na'urar daga sararin sama yake, ba daga ruwa ba, dole sai an cire shi da lissafi. Lissafin da aka saba amfani da shi yana ɗauka cewa ɓurɓushin da ke cikin iska ba ya shan haske sosai. Ƙurar Sahara kuwa tana sha, kuma shuɗin take sha, daidai abin da kulorofil ke yi. Sai lissafin ya zabtare shuɗi fiye da kima, ruwa ya fito kamar ya yi kore. Ashe ƙura na auna sau biyu, sau ɗaya da sunanta, sau ɗaya da sunan kulorofil. Ina layukan za su ƙi tafiya tare?

Abin haushin, ba wani ɓoyayyen sirri ba ne. Masana launin teku sun daɗe da rubuta shi. Ni ne na tsallake takardar bayanin alƙaluman don ta yi min tsawo, na tafi kai tsaye wurin maɓallin saukewa.

Da na koma na duba ɗanyen jadawalin sai ga wani ramin. Gajimare yana rufe teku, a nan tauraron ba ya ba da komai, gurbi yake bari. Ƙura mai kauri ma ana ɗaukarta kamar gajimare a goge wurin. Manhajata kuwa tana tsallake gurbi ta fitar da matsakaici daga abin da ya rage, ba ta ce min uffan ba. Ke nan a ranakun da ƙura ta fi tsanani, tsakiyar akwatina babu kowa, 'yan ɗigon gefe ne suka rage, waɗanda ƙura ta shafa amma ba ta kai a goge su ba, su ne kuma suka fi ƙarya. Akwai ranar da matsakaicin akwatin gaba ɗaya daga 'yan ɗigo kaɗan ya fito, ni kuma na sa shi a kundin a matsayin babbar hujja.

Wurin da na zaɓa ma bai taimake ni ba. Gabar Nuwadibu ta Muritaniya tana cikin wuraren da suka fi albarkar kifi a duniya, domin iskar arewa maso gabas tana ture ruwan saman teku daga gaɓa, ruwan ƙarƙashi mai sanyi da taki ya taso. A gabar Senegal a lokacin sanyi da bazara abin ya fi ƙarfi, lokacin ƙurarmu ke nan. Iska ɗaya ce ke kaɗo ƙura, ita ce ke taso da ruwan. Ko da tauraron bai ruɗe ni ba, da na yaba wa ƙura a kan aikin iska.

Sai da na sake komai daga tushe. Na matsar da akwatin can yamma da tsibiran Cape Verde, inda ruwa yake shuɗi tas, babu taki. Na zubar da duk ranar da ƙura ta wuce wani mizani, na sa sharaɗin cewa in ɗigon da ke da alƙalami bai kai rabin akwati ba, ranar ba ta shiga lissafi. Na ƙara zafin saman ruwa da ƙarfin iska don in gane aikin tasowar ruwa. Mafi muhimmanci, na daina duba ranar ƙura, na koma duba mako ɗaya zuwa uku bayanta, bayan sama ta washe. Gero dai sai ya ɗau lokaci.

A nan ne na fahimci cewa labarin da na ɗauko tun farko na wani teku ne. Maganar masanin teku John Martin ta 1988, cewa a ba shi rabin jirgin ruwa na ƙarfe ya zuba wa tsirran teku ya kawo zamanin ƙanƙara, da gwajin zuba ƙarfe na 1993 kusa da Galapagos, da bunƙasar tsirrai a Tekun Kudu bayan hayaƙin gobarar dajin Ostireliya ta 2019 zuwa 2020, duk a ruwan da ke da naitirojin ne, ƙarfe kawai ya rasa. Atlantika ta wajenmu ta ƙoshi da ƙarfe, naitirojin ne babu. Ƙura tana taimakawa ne ta bayan gida: tana ciyar da irin su Trichodesmium, ƙananan halittun teku masu kama naitirojin daga iska, aikin da ke cin ƙarfe da yawa, daga baya sauran tsirrai su amfana. Ga shi kuma ƙurar da gajimaren suna rage hasken rana da tsirran ke buƙata, suna ba da taki da hannu ɗaya suna tare rana da ɗayan.

Sakamakon da na samu a ƙarshe ɗan siriri ne. Alamar ƙaruwa kaɗan bayan wasu guguwar ƙura, babu komai bayan wasu. Babu wanda zai tashi tsaye a ɗaki saboda shi, amma zan iya kare kowane ɗigo a cikinsa.

Wanda zai taɓa wannan aiki, ya ƙirga guraben da ke cikin jadawalinsa kafin ya ƙirga komai, ya kuma buɗe hoton ainihi na ranar da ta fi ba shi sha'awa ya ga ko teku ma yana ganuwa. Da na yi haka a makon farko, minti goma ya ishe ni, domin hoton ranar da na fi taƙama da ita launin ƙura ne fal daga gefe zuwa gefe. In akwai na'urorin Argo masu auna kulorofil a cikin ruwa kusa da akwatinsa, ya gwada da su, su gajimare bai dame su ba. In kuma ya ga tsirrai sun amsa a ranar da ƙura ta zo, kada ya nuna wa kowa tukuna.

Kuɗin zangon karatu guda na ƙara biya, daga kuɗin da na tara don aure. Da na kai wa farfesan sabon babi na huɗu, ya juya shafukan a hankali, ya tsaya a kan jadawalin da layukansa ba su san juna ba, ya ce, "Yauwa, wannan ya yi kama da teku." Ya sa hannu, ya tambaye ni ko an yi ruwa a Nguru.