Daga takardar hukuma zuwa umarnin kotu: yadda muka bi haƙƙin Kawu

Mutane da yawa a Birnin Kebbi suna ɗauka cewa da zarar hukumar da ke sa ido kan aikin gwamnati ta binciki ƙorafinka ta ce kai ne da gaskiya, to magana ta ƙare. Na bi irin wannan hanya tare da ƙanin mahaifiyata, wanda akanta ne a wata ma'aikata, kuma abin da muka tarar ya sha bamban da wannan zato.

An dakatar da Kawu daga aiki aka tsayar masa da albashi, bayan ya ƙi sa hannu a takardar biyan kuɗin wata kwangila da ba a yi ba. Muka kai kuka ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kuma ba ta karɓar ko kwabo daga mai ƙorafi. Jami'anta sun yi aikinsu tsakani da Allah: sun nemi fayil, sun saurari ɓangarorin biyu, sannan suka rubuta wa ma'aikatar cewa ba a bi ƙa'idar ladabtarwa ba, don haka ya dace a mayar da shi bakin aiki a biya shi bashin albashinsa. Ma'aikatar ta karɓi takardar ta yi gum.

Lauyan da muka je wurinsa ya karanta takardar a tsanake, ya ce: "Baba, wannan shawara ce mai nauyi, amma ba hukunci ba ne, kuma babu masinjan kotun da zai fita da ita." Ya bayyana mana cewa hukumomin sa ido ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, bisa Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999, tana da ikon sauke jami'i daga muƙami, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da ya samu ta hanyar cin amanar ofis, kamar yadda ta yanke wa tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen, a 2019, ko da yake Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2024. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa kuwa, tun gyaran dokarta na 2010, ana iya kai abin da ta yanke gaban babbar kotu a nemi a zartar da shi. Amma hukumar ƙorafe-ƙorafe shawara doka ta ba ta ikon bayarwa, saboda haka dole mu shigar da sabuwar ƙara, takardar ta zame mana shaida.

Da yake rikicin na aiki da albashi ne, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumi, bisa sashe na 254C na Tsarin Mulki, don haka Sakkwato muka riƙa zuwa. Lauya ya matsa mana lamba mu gaggauta, domin akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati wadda ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3, kuma ko da yake ana jayayya kan ko tana aiki a shari'ar kwantiragin aiki, lauyoyin gwamnati da ita suke fara kare kansu. Lokacin da mutum ya ɓata yana jiran a bi shawarar hukuma, ba lallai ne kotu ta yafe masa shi ba. Ya kuma sa muka nemo kwafin kowace takarda da hatimin tabbatarwa, saboda Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda da kwafin takardar gwamnati haka kawai.

Kotu ta ba Kawu gaskiya. A nan ne na fi ganin amfanin lauya mai natsuwa, domin tun farko bai tsaya a roƙon kotu ta bayyana cewa dakatarwar haramtacciya ce ba, sai da ya nemi umarni da ya ambaci muƙamin wanda zai mayar da shi aiki, da adadin kuɗin, da wa'adin biya. Bayyana gaskiya kaɗai ba ya ɗaure kowa, umarni ne ake hukunta mutum idan ya saɓa masa.

Duk da haka wa'adi ya cika ba a yi komai ba. Sai lauya ya nemi magatakardan kotu ya fitar da Fom 48, wato gargaɗin cewa ƙin bin umarni na iya kai mutum gidan yari, aka miƙa wa shugaban ma'aikatar hannu da hannu. Wannan sharaɗi ba na wasa ba ne, domin idan aka ajiye takardar wurin sakatare, ana iya rushe duk abin da ya biyo baya. Da aka kai Fom 49, mai kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi saboda raina kotu, sai ga takardar mayar da Kawu bakin aiki ta fito. Abin da na fahimta shi ne, muddin takarda tana magana da ma'aikata, kowa sai ya ce ba shi ba ne. Ranar da ta kira mutum guda da sunansa, ranar ake motsi.

Batun kuɗin ne ya fi ci mini rai. Hanyar da doka ta tanada ita ce kotu ta sa banki ya riƙe kuɗin ma'aikatar ya biya mai haƙƙi, amma sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce idan kuɗin yana hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i, sai an samu amincewar Antoni Janar. Wato mai haƙƙi ya je ya nemi izinin lauyan gwamnatin da ya kayar a kotu kafin ya taɓa abin da kotu ta ce nasa ne. A ganina wannan sashe ya cancanci Majalisar Tarayya ta sake duba shi, domin yana karya gwiwar ƙaramin ma'aikacin da ya tsaya kan amana. Mu dai sulhu muka yi a kan a biya kashi-kashi, lauya ya tabbatar an kai yarjejeniyar gaban kotu an amince da ita, kuma har yanzu Kawu yana karɓar ragowar tare da albashinsa.