Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Gidan Tarihi Na Bode

Makon jiya mun tsaya a bakin kogin Spree. Yau sai mu shiga Bode, gidan da ke can ƙarshen Tsibirin Gidajen Tarihi na Berlin. A 1904 aka buɗe shi da sunan Sarki Friedrich, sai a 1956 aka mayar masa da sunan Wilhelm von Bode, wanda ya tara yawancin kayan.

Kada ka je ranar Litinin, a rufe yake. Ka sauka a tashar jirgi ta Hackescher Markt, ka taka zuwa gadar Monbijou, ƙofar na nan a gabanka. Ka riƙe sulallan yuro ɗaya ko biyu saboda akwatin ajiya, don ba a shiga da babbar jaka. Hoto an yarda, amma ban da walƙiyar kyamara.

Yawancin baƙi sukan ɓata rabin lokacinsu wajen dokin tagulla na zauren farko. Kwafi ne, wuce shi. Nemi aikin Tilman Riemenschneider, marubutan Linjila huɗu da ya sassaƙa wa cocin Münnerstadt tsakanin 1490 da 1492, da icen da Jamusawa ke kira Linde. Icen na da laushi, shi ya sa aska ta iya fitar da jijiyar bayan hannu da kowane silin gemu. Bai shafa musu fenti ba, a zamanin da kowa ke shafawa.

Ko da ba ruwanka da mutum-mutumi, in kana ganin girman aikin hannu, leƙa bayan manyan sassaƙen. Da yawa za ka tarar an rarake su kamar turmi. Dalili kuwa, gungume yana bushewa ne daga waje, cikinsa na nan da danshi, sai ya tsage. Masu launi kuma, alli ake kwaɓawa da gam na fatar dabba, a shafa hawa-hawa, a goge, sannan a ɗora ganyen zinariya da fenti. In iska ta bushe ice yana tsukewa, allin kuwa ba ya bin sa, sai fentin ya ɓamɓare. Wanda ya ga yadda hunturu ke tsaga akushi ya gane zancen. Shi ya sa ake riƙe danshin ɗakunan wajen kashi 50 cikin ɗari, ake kuma hana shiga da jiƙaƙƙiyar rigar sanyi. Ƙananan ramukan da ke jikin icen aikin tsutsar katako ne.

Wasu na marmara za ka gan su a ƙone, baƙi ƙirin: gobarar Mayun 1945 ce ta cinye su a ma'ajiyar yaƙi ta Friedrichshain.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai ɗakin sulalla, inda ɓarayi suka sace sulen zinariya mai kilo 100 a 2017.