Wasannin da ake cewa sun mutu, da abin da nake gani a gidan gem ɗina

Gidan gem nake da shi a Kano. Da kafe na fara, zamanin da ake layin duba sakamakon jarrabawa da cike fom, da wayoyi suka cinye wannan kasuwa sai na juya shagon zuwa wasanni. Ɗakin gaba talabijin ne da PlayStation, ƙwallo ake bugawa daga la'asar har dare. Ɗakin ciki kuwa kwamfutoci ne a jere, kuma a nan ake buga irin wasan da kullum ake yi wa ta'aziyya a intanet: wanda dubban mutane ke shiga duniya guda, kowa da jaruminsa da yake raino wata da watanni, ya shiga ƙungiya, su fita yaƙar dodanni tare. Yara MMO suke ce masa.

Masu cewa ya mutu ba da ka suke magana ba. World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, ya kai mutum miliyan 12 masu biyan kuɗin wata a 2010. Zuwa 2015 sun koma miliyan 5.5, daga nan kamfanin ya daina bayyana adadin. Sababbin da aka yi ta yi wa shela kuwa, labarinsu ya fi ban tausayi. WildStar ya fito a 2014, aka rufe shi a 2018. Amazon, da duk arzikinsa, ya fitar da New World a 2021, a kwanakin farko mutum sama da 900,000 suka shiga a lokaci guda, amma a Oktoban 2025 kamfanin ya ce ya daina ƙara masa komai. A 2025 ɗin ne kuma Microsoft ya soke wani sabo da masu Elder Scrolls Online suka shafe shekaru suna ginawa, tun kafin kowa ya taɓa shi.

To amma duk wanda ya leƙa ɗakin ciki zai ga abin da ke kan allunan, kuma tsofaffi ne zalla. Old School RuneScape ya fi yawa. Kamfanin Jagex na Ingila ne ya tono kwafin wasan na 2007 ya dawo da shi a 2013, da zanensa na da, wanda yaron yanzu zai gani ya yi dariya. A 2025 wannan tsohon ya haura mutum 240,000 a lokaci guda, abin da bai taɓa yi ba a baya. Final Fantasy XIV ya fito a 2010 ya faɗi warwas, kamfanin Square Enix ya rufe shi, ya sake gina shi a ƙarƙashin Naoki Yoshida, ya buɗe a 2013. A Disambar 2021 sai da suka dakatar da sayar da shi saboda cunkoso ya fi ƙarfinsu. Shi kansa Blizzard, da ya dawo da tsohon samfurin Warcraft a 2019, sa'o'i mutane suka yi a layi kafin su samu shiga. Abin da ya mutu ba a yi masa layi.

Ina da wani kwastoma, tela ne, ya kusa shekara arba'in. Idan ya rufe shago yakan zo ya zauna a kwamfutar da ke kusa da taga. Lokacin da ake ta hayaniyar New World na ce masa, “Malam, ba za ka gwada sabon nan ba? An ce ya fi naka kyau nesa ba kusa ba.” Bai ko ɗago kai ba. “Yallaɓai, kyau ba ya rasa. Amma wa na sani a can? Mutanena duk suna nan, kuma abin da na tara a akawun ɗin nan ba aikin shekara ɗaya ba ne.” Sai ya buɗe mini rumbun kayansa, layi bayan layi, yana nuna mini wanda ya yi wata uku yana nema, da wanda wani abokinsa ɗan Holan ya ba shi ranar da aka yi masa haihuwa. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma kowa ya san sunayen 'ya'yan ɗan'uwansa.

A nan na ga bakin zaren. Sabon wasa yana roƙon mutum ne ya tashi daga rumfarsa ta Kantin Kwari, inda kwastomominsa suka san shi shekara goma, ya koma sabuwar kasuwa don an shafa mata fenti. Zai je ya ba ido abinci, sati biyu ya dawo. Ga shi gina irin wannan wasa yana cin shekaru da kuɗi masu nauyi, kuma ranar da ya fito ana auna shi ne da wanda aka yi shekara ashirin ana ƙara masa garuruwa da labarai. Shi ya sa kamfanoni suka ja da baya.

Ta fuskar ciniki, gaskiya ɗakin gaba ne ke ciyar da ni. Wasan ƙwallo minti goma ne, wanda aka ci ya biya ya tashi, wani ya zauna. Mai MMO kuwa zai riƙe kujera ɗaya awa uku ko huɗu, kuma ba ya lamuntar ɗaukewar wuta ko ta daƙiƙa. Wasan ba a tsayar da shi. In kana cikin farmaki na mutum ashirin, kai ne mai yi musu magani, wuta ta ɗauke, to duk sun hallaka, kuma gobe ba za su neme ka ba. Dole ta sa na haɗa ɗakin ciki da na'urar intanet a kan batir da sola, na bar janareta ga ɗakin gaba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ne ma ya hana ni rufe ɗakin.

Sai nisa. Babbar kwamfutar da ke ɗauke da duniyar wasan, wadda ake kira saba, a Turai ko Amurka take, don haka in ka danna sai an ɗan jinkirta kafin jaruminka ya motsa. Da Albion Online ya buɗe sabar Turai a Amsterdam a 2024, yaran da ke buga shi a nan sun ga bambanci nan take, kusan dukkansu suka koma can. Lokaci ma wani abu ne da sai mai sana'ar ya sani. Da hunturu agogonmu ɗaya ne da na Jamus da Faransa, ƙarfe takwas ɗinsu takwas ɗinmu ce. Daga ƙarshen Maris har ƙarshen Oktoba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai farmakin takwas ya faɗo mana ƙarfe bakwai, dab da magariba. Ni kuma a ƙa'idar shagona, in an kira salla ana tashi. Masu hankali daga cikinsu sun nemi ƙungiyoyin da ke farawa bayan isha'i, wasu kuma sun faɗa wa shugabannin ƙungiyarsu gaskiya, aka ɗaga musu lokaci.

Babban abin da ke korar mutanenmu shi ne dala. Warcraft dala 14.99 ne a wata. Lokacin da dala take wajen naira 460 ana iya daurewa, da ta haura 1,500 a 2024 sai kuɗin ya fi ƙarfin ɗalibi. Akwai kuma tsawon lokacin da katunan naira ba sa biyan komai a waje, sai ta hannun masu sayar da katin kyauta, wato gift card, da ribarsu a kai. Wasan kansa ya haura gigabayit 100, shi ya sa nake sauke shi cikin dare a kwamfuta ɗaya, in kwafa wa sauran.

Abin da ke damuna na gaske shi ne ban ga ƙanana suna shigowa ɗakin ciki ba. Ɗan shekara goma sha shida yana da Free Fire da Call of Duty a wayarsa, kuma waɗannan sun kwashi kusan duk abin da MMO ke jan mutane da shi: hawa mataki, ƙungiya, ladan shiga kullum, tufafin ado. Hira da baƙon da ke wata nahiya, wadda ta zama abin al'ajabi a 2004, yau WhatsApp da Discord sun mai da ita ruwan dare. Abin da waɗannan wasannin gaggawa ba su ɗauka ba shi ne haƙurin koya wa sabon shiga da cika alkawarin lokaci. Wasunsu ma akwatin sa'a suke sayar wa yara, ka biya ba ka san me zai fito ba, wanda ni a idona ɗan'uwan caca ne, kuma na hana a saya a shagona.

Don haka bana na sauya tsari. Masu ɗakin ciki sun daina biyan kuɗin awa, kuɗin wata suke biya, kowa da kujerarsa da lokacinsa. Ranar Asabar da safe kuma ɗakin kyauta ne ga duk yaron da ke son koyo, a ɓangaren RuneScape ko Albion da ba a biya, da sharaɗin ya zo da izinin gida kuma ɗaya daga cikin manyan ya zauna kusa da shi. Telan nan ne ya fara karɓar aikin, yanzu yara biyu yake koya wa kamun kifi da saran itace kafin ya bar su su tunkari dodo.