Kwalin kifina da ya ɓace a hanyar Abuja

Busasshen kifi nake sayarwa. Ina sarowa daga Yawuri, in ɗora hoto a WhatsApp da Facebook, mai so ya turo kuɗi ta banki, ni kuma in kai saƙo tasha a nan Birnin Kebbi. Yawancin masu saye 'yan gida ne da aiki ya kai Abuja ko Kaduna, bakinsu ya riga ya saba da kifin kogin Neja.

A damina wata Hajiya ta sayi kwali guda na naira 60,000, za a yi suna a gidanta. Mota ta tashi da sassafe. Har dare direba bai kira ta ba, washegari kuma wayarsa a kashe.

Ban jira ta neme ni ba, ni na kira. Na ce, "Hajiya, kayanki ba su iso ba, kuma ban gano inda suke ba tukuna. Ko in maido miki kuɗinki yau, ko in aiko da wani kwalin." Ta zaɓi wani kwalin. Wasu abokan sana'a suka ce na yi wauta, wai tunda kaya sun shiga mota na fita haƙƙi. Ban yarda ba. Ni na zaɓi tasha, ni na zaɓi direba, ita ko fuskarsa ba ta sani ba. Ta yaya asara za ta hau kanta?

Abin da ya cece ni littafin ɗan kamasho ne. Ta hannunsa na ba da saƙon, ya rubuta lambar mota da sunan direba da kuɗin kayan. Da na je ina ta faɗa, sai dattijon ya ce, "Ɗiyata, zauna ki sha ruwa, wanda ke cikin littafin nan ba ya gudu." Ya yi ta kiran abokan aikinsa na tashoshin hanya, Koko, Yawuri, Kwantagora. A nan magana ta fito: motar ta lalace a Kwantagora, direba ya yi juye, fasinja da saƙonni duk aka mayar wata motar da ta tsaya a Zuba. Ruwa ya daki kwalin, lambar Hajiya ta goge. Ko da aka gano shi a wani lungu, kifin ya yi funfuna.

Shugabannin tasha suka zaunar da mu. Direba ya biya rabi, na yafe rabi, don shi ma ba da gangan ya yi ba. Da a bakin titi na miƙa masa saƙon, kamar yadda masu neman arha ke yi, ko sisi ba zan gani ba.

Yanzu kafin in saki kwali sai na tambayi direba: kai tsaye ne ko da juye? Ina ɗaukar hoton lambar motar in tura wa mai saye nan take. Lambar waya kuwa gefe biyu nake rubuta ta, in rufe da salatif, in sa wata takardar a ciki cikin leda. Kuma ainihin kuɗin kaya nake faɗa a rubuta, domin a kan abin da ke littafi ake sasanci. Hakan ya ɗan ƙara kuɗin aike, ina kuma faɗa wa mai saye tun kafin ya turo kuɗinsa.