Galan ɗin baƙin mai da ke gindin darbejiya

Shekarata takwas ke nan ina wankin mota a Gombe, kuma da bakina nake faɗa, a shekara biyun farko motocin da na cuta sun fi waɗanda na amfana. Ba mugunta ba ce, abin da na tarar ana yi na bi. A wurin da na koyi aiki, can wajen Bypass, akwai wani tsohon galan da kullum yake ajiye a gindin darbejiya, cike da baƙin mai da aka juye daga inji aka sirka da kananzir. Da an gama wanki sai a tsoma soso a bi tayoyi huɗu a goge. Taya ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, mai mota ya ji daɗi har ya ƙara maka na goro. Wa zai ce maka kuskure kake yi alhali ana gode maka?

Wani dattijo mai faci da ke maƙwabtaka da mu ne ya fara buɗe mini ido. Ran nan an kawo masa tayar wata Corolla da muke wankewa duk Juma'a, sai ya ɗaga murya: "Kai yaro, zo nan." Ya kama yatsana ya bi da shi gefen tayar. Duk ta yi tsaga ƙanana ƙanana, kamar faso a dugadugi lokacin hunturu. Ya ce, "Zanenta bai ko ci rabi ba, amma dubi gefenta. Wannan ba rana kaɗai ba ce, ɗana, da hannunku a ciki." Na ce, "Haba Baba, ai mai muke sa mata don kada ta bushe." Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa.

Sai daga baya, da na riƙa tambaya ina kuma karanta littattafan da ke zuwa da motoci, na gane abin da yake nufi. Yawancin robar da ke jikin mota daga ɗanyen man fetur aka samo sinadaranta, don haka duk wani mai na dangin fetur, ko baƙin mai ne ko gas ko kananzir, ba ya tsayawa a samanta, shiga cikinta yake yi. Masu ƙera taya kuwa tun a masana'anta suke cakuɗa robar da wani kaki na musamman da wasu sinadarai masu kare ta daga iska da hasken rana. A hankali suke tsattsafowa saman tayar yayin da take juyawa a kan hanya, shi ya sa motar da aka daɗe da jingine ta tayarta kan riga ta mai yawo tsagewa. Launin ƙasa-ƙasan nan da kan fito a gefen taya, wanda muke ƙyama muna ta dirza, shi ne alamar wannan kariya ta yi aikinta. To mu da kananzir ɗinmu narkar da ita muke yi, mu bar roba tsirara a gaban ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe kan taɓa digiri 40.

Robar ƙofa ma ta koya mini nata darasin. Da hunturu ya shigo takan bushe ta riƙa ƙara, sai mu shafa mata basilin ko giris. Kwana biyu shiru, bayan wasu watanni sai ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, ta fara fita daga mazauninta, damina na zuwa ruwa ya samu hanya. Irin wannan roba, wadda ake kira EPDM, tana jure rana da ruwa sosai, amma ba ta ga maciji da man fetur. Man silikon take so, ko ɗan giliserin na kemis a tsumma. Bakanike na ƙwarai ya san wannan tuntuni, shi ya sa ba ya bari ɗigon man inji ya kusanci robobin birki. Shi kuma man birkin da wasu ke gogawa a taya don sheƙi, fenti yake ci. Mota na tashi taya ta watsa shi jikin ƙofa, gobe a ga dabbare-dabbare a rasa daga ina.

Amma abin da har yau gabana ke faɗuwa idan na tuna, cikin mota ya faru. Wani direban haya mai zuwa Bauchi ya kawo wanki, ni kuma don in burge shi na feshe ko'ina da man ƙyalli: dashbod, sitiyari, har robar da ake takawa ta birki da ta totur. Bai fi minti goma da tafiya ba ya dawo, idonsa jajur. Ya zo shataletale ya taka birki, takalminsa ya zame, Allah ne kaɗai ya tsare bai haye wani mai Keke Napep ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ƙanena, rayukan mutane nake ɗauka." Tun daga ranar, duk abin da hannu ke riƙewa ko ƙafa ke takawa, ruwa da ɗan sabulu ne iyakarsa. Haka kujerar babur da tayarsa, domin shi babur da gefen taya yake shan kwana.

Dashbod mai sheƙi ma ba abin so ba ne. Ka kama hanyar Bauchi da la'asar, rana tana gabanka, hasken ya bugi dashbod ya koma gilas, sai ka riƙa ganin hotonsa maimakon hanya. Ga shi maiƙo da ƙura aminan juna ne, kwana ɗaya cikin hazo ya isa ya mayar da shi kamar an barbaɗa gari. Bel ɗin kujera ba a sa masa bilic, zarensa yake raunanawa. Gilashin da aka liƙa wa baƙar leda ba ya son ruwan goge gilas mai amoniya. Omo kuma na tufafi ne, yana kankare kakin da ke kare fenti, ya bar farin sawu a baƙar roba.

Yanzu idan zan sayi man taya, hanci da ido nake fara sawa. Wanda aka haɗa da ruwa fari ne kamar madara, ba ya da wari mai ƙarfi, kuma in ya bushe ba ya danƙo. Wanda yake garai-garai yana tashin ƙaurin kananzir, ko na ga kalmar petroleum a jikin kwalbar, sai in mayar wa mai shago kayansa. Mai ruwan bai kai wancan sheƙi ba, ruwan sama ɗaya kan wanke shi, wannan gaskiya ne. Sabon abu kuwa sai na gwada shi a ɓoyayyen wuri, ƙarƙashin kujera ko cikin but, kafin ya hau inda ido ke gani.

Akwai kuma abin da sheƙi ke ɓoyewa. Tayoyin Beljiyam da ake jerawa a bakin hanya duk an goge su sun yi kamar sababbi. Ka durƙusa ka nemi lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT. Idan ka ga 2319, a mako na 23 na shekarar 2019 aka ƙera ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara 4 take ba taya, kamfanin Michelin kuma ya ce ko da kyanta kada ta wuce shekara 10. Babu man da ke mayar da tsohuwa yarinya.

Ba kowa ke jin wannan bayani ba. Makon jiya wani Alhaji ya zagaya motarsa ya ce, "To ina ƙyallin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tsabta na yi mata, ƙyallin can shi ke tsaga taya." Ya gyaɗa kai ya biya, amma jiya na hango motar a wurin maƙwabcina, tayoyinta sai walƙiya suke. Baƙin man da ke taruwa a wurina kuwa kafintoci nake ba, suna shafa wa katakon rufi saboda gara.