Ranar da Na Ga Harsashi Yana Tafiya

Asabar, tsakiyar watan Satumba.

Bayan sallar Asuba ban koma barci ba, domin makonni uku ke nan ina jiran ranar da iska za ta lafa a wannan yanki na kudancin Lincolnshire, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, babu dutse babu tudun kirki da zai tare ta. Hasashen yanayi ya nuna iskar yamma mai gudun mita 2 zuwa 3 a sakan ɗaya, da gajimare da safe, sannan rana ta fito bayan hantsi. Na cika bindigar iskata daga tukunyar iska irin ta masu nutso a teku har matsinta ya kai bar 200, na saka ta a jakarta, na haɗa da buhunan yashi biyu, da na'urar auna gudu, da gwangwani biyu na harsashin dalma, da sabon maƙalin da na saya domin ɗaura waya a bayan madubin saiti. Yayan matata, wanda ya zo mana kwana biyu daga Leeds, ya ce zai raka ni, kuma na yi farin ciki da hakan, saboda aikin yau ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Abin da ya fito da ni abu ne da ya daɗe yana damuna. A nisan yadi 50, idan na natsu, harbi biyar sukan taru a wurin da kwabon fam ɗaya zai rufe. Amma da zarar na kai takardar bara, wadda nake harbi a kanta, yadi 100, wato kimanin mita 91, sai harsasan su watse fiye da faɗin tafin hannuna, wani sama wani ƙasa, ba tare da wani tsari da zan iya karantawa ba. Tun watan Mayu nake ɗora laifin wani lokaci a kan iska, wani lokaci a kan hannuna, alhali ramin da ke jikin takarda wurin da tafiyar ta ƙare kawai yake nunawa, ba ya faɗin abin da ya faru a hanya.

Mun isa gonar da misalin ƙarfe 9. Manomin ya girbe alkamarsa tun watan jiya, kuma ya ba ni izini a rubuce na yi harbi a gefen arewa, inda akwai tudun ƙasa da manyan dammunan karan alkama da aka jibge. Wannan tudun ne sharaɗin farko, domin a Ingila laifi ne harsashinka ya ƙetare iyakar filin da aka ba ka izini a cikinsa. Sharaɗi na biyu shi ne ƙarfin bindigar: wadda ake riƙewa ba tare da lasisin makami ba, ba za ta wuce fut-fam 12 ba, wato jul 16 da ɗoriya kaɗan. Saboda haka na fara da na'urar auna gudu. Harbi goma da harsashi mai faɗin milimita 4.5 da nauyin giram 0.55 sun fita da gudun mita 235 zuwa 237 a sakan, wanda ya kama jul 15 da 'yan kai. Wannan daidaituwa ta kwantar mini da hankali, domin ta wanke bindigar daga zargin cewa iskar da take tura harsashi ce take hawa da sauka.

Muka kafa sanduna uku a yadi 25 da 50 da 75, muka ɗaura wa kowace siririn ƙyalle domin ganin motsin iska, sannan na ɗaura wayar a bayan madubi na saita ta a kan ɗaukar hoto 240 a sakan ɗaya. Sa'a guda cur na yi ina harbi ina duba bidiyo, ban ga komai ba sai girgizar hoto da ramin da yake bayyana a farar takarda. Yaya ne ya fara gano matsalar. Ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Ƙanina, kana neman abu mai launin toka a kan farin abu, a ƙarƙashin sama mai launin toka. Ko da yana nan ba za ka gan shi ba." Ya ciro baƙin bargon da ke bayan motarsa, muka taka har wurin dammunan muka rataye shi, muka manna ƙaramar takardar bara a tsakiyarsa. Ni kuma na gyara abin da ya kamata na gyara tun farko, wato na janyo kaifin madubin daga kan takarda zuwa kimanin yadi 65, na yarda takardar ta ɗan dushe domin tsakiyar hanya ta fito sarai.

Wajen ƙarfe 12 gajimaren ya yaye. Mun fuskanci arewa da gangan, saboda a wannan ƙasa rana ta kudu take ratsawa, don haka tana bayan ƙeyarmu, haskenta yana bin harsashi ta baya. Na yi harbi ɗaya, na buɗe bidiyon, kuma a karon farko a rayuwata na ga harsashin da na harba yana tafiya. Ya shigo hoton ta ƙasa, ɗan ɗigo mai walƙiya kamar azurfa, ya hau sama da giciyen saiti a hankali, ya yi kamar zai tsaya a ƙololuwar hawansa, sannan ya fara gangarowa yana ƙanƙancewa har ya shige takarda. Tafiyar da ba ta kai rabin sakan ba ta zama ta kusan sakan huɗu, domin wayar tana maido da hotunan 30 a sakan, sau takwas ke nan ƙasa da yadda ta ɗauka. Na kalle shi sau shida ban ce uffan ba. Na san lissafin wannan lanƙwasa tun shekaru, na san cewa a wannan nisa harsashin yana faɗuwa kusan mita ɗaya daga layin bakin bindiga, amma sanin lamba a takarda bai taɓa sa ni jin abin da na ji ba da na ga ɗigon yana hawa yana saukowa a gaban idona.

A nan ne na tuna cewa a shekarar 1886 masana kimiyya Ernst Mach da Peter Salcher sun ɗauki hoton harsashi yana cikin tafiya, kuma sai da suka yi dabarar amfani da tartsatsin lantarki a cikin duhu kafin su samu hoto guda tak. Na gaya wa Yaya wannan, ya girgiza kai ya ce yau ga shi muna yi da wayar aljihu da bargon mota a gonar alkama.

Muka yi sallar Azahar a gefen mota, muka ci ɗan abin da muka zo da shi, sannan na koma na ɗauki harbi goma a jere, kowanne da bidiyonsa. A nan ne ainihin abin da na zo nema ya bayyana. A rabin farko na hanya dukansu suna tafiya lafiya lau, amma a guda bakwai daga cikin goman, bayan sun wuce sanda ta biyu da kaɗan, ɗigon yakan fara kewaya, da farko ƙaramin kewaye da sai an ƙura ido ake gani, daga nan ya riƙa faɗaɗa, har ya isa takarda yana murɗawa kamar igiyar da ake tufkawa. Inda kewayen ya kai a daidai lokacin da ya taɓa takarda, nan yake huda ta, shi ya sa wani yake faɗawa sama, wani ƙasa, wani gefe, kuma shi ya sa a yadi 50 ban taɓa ganin alamar matsalar ba.

Yaya ya tambaye ni dalili, na ɗauko ƙwaya ɗaya na ɗora masa a tafin hannu. Harsashin bindigar iska ƙirar kalangu gare shi: kai mai nauyi a gaba, tsukakken ƙugu a tsakiya, da gindi mai rami a baya wanda yake buɗewa kamar mazurari. Nauyin gaba da jan da iska take yi wa gindin su ne suke riƙe kansa ya fuskanci gaba. Bayan wannan kuma, a cikin bututun bindiga akwai tsagogi masu murɗi da suke juya shi kusan sau ɗaya a kowace santimita 45, wanda a gudun tawa bindigar ya haura juyi 500 a sakan. Bayanin da na fi gamsuwa da shi shi ne cewa gudun gaba yana raguwa da sauri ƙwarai saboda wannan ƙira tana jan iska, amma juyin ba ya raguwa haka, don haka a can nesa, lokacin da hanya ta fara lanƙwasa ƙasa, juyin yana hana kan harsashin bin lanƙwasar yadda ya kamata, sai ya fara lilo. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro ya san irin wannan lilo, inda take juyawa a kan tsininta kuma jikinta duka yana zana wani kewaye dabam. Idan kuma ƙwayar tana da ɗan lahani, ko gindinta ya lotse, to lilon ya samu mafari.

Na yi niyyar goge bututun nan take, domin dalmar da take taruwa a ciki ma tana iya jawo haka, amma na fasa. Idan na canza abu biyu a lokaci guda, ko da an samu sauƙi ba zan san wanne ya kawo shi ba, kuma a ganina wannan gaggawar ce take sa masu wannan sha'awa da yawa suna kashe kuɗi a kan kaya ba tare da sun fahimci bindigarsu ba. Sai na zauna na tsince ƙwayoyi goma daga gwangwanin farko, waɗanda gindinsu yake zagaye sumul. Murɗawar ta ragu, amma har yanzu na gan ta a guda huɗu. Daga nan na buɗe gwangwani na biyu, mai nauyin giram 0.67. Sai da na sake ratsa shi ta na'urar auna gudu, saboda a irin wannan bindiga harsashi mai nauyi yakan fitar da ƙarfi fiye da marar nauyi, kuma doka ba ta duba da wanne ka saba harbi. Ya ba da mita 217 a sakan, kimanin jul 15.8, yana ƙarƙashin iyaka. Na ƙara ɗaga saiti saboda ya fi faɗuwa, na yi harbi goma, kuma a cikin bidiyo goman babu ɗaya da ya kewaya. Ba na cewa harsashin farko ba shi da kyau, domin na ga yana yin abin mamaki a bindigogin wasu. Bututuna ne bai jitu da shi ba a wannan nisa.

Da murɗawar ta kau, sai aikin iska ya fito fili, wanda a da yake cakuɗe da ita. A bidiyo ana ganin ɗigon yana tafiya kusan miƙe a farkon hanya, sannan ya riƙa zamewa dama, kuma zamewar ta fi yawa a kashi na ƙarshe. Ƙa'idar ita ce a ɗauki bambancin da ke tsakanin lokacin da harsashi ya ci a zahiri da lokacin da zai ci da gudunsa bai ragu ba, a ninka shi da gudun iskar da take ratsawa. Ga harsashin farko wannan bambanci kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan ne, ma'ana iskar mita 2 a sakan, wadda da ƙyar take ɗaga ƙyalle, tana ture shi santimita 20. Yaya ya zauna a gefena yana kallon ƙyallayen yana cewa "dakata" ko "yanzu," kuma da taimakonsa na samu harbi biyar da suka taru a faɗin santimita 6, wanda ban taɓa samu ba a yadi 100.

Akwai harbi ɗaya a cikin rukunin ƙarshe da ya fita hagu, gefen da iska ba za ta kai shi ba. Na duba bidiyonsa hoto bayan hoto, na ga giciyen saitin ya zame hagu da ƙasa a hotuna uku na ƙarshe kafin bindigar ta tashi, harsashin kuwa ya yi tafiyarsa lafiya zuwa inda na tura shi. Na fizgi kunama ne saboda ina gudun kada iska ta dawo. Wannan nawa ne, kuma na ji daɗin ganinsa kamar yadda na ji daɗin ganin murɗawar, domin yanzu na san a kan me zan yi atisaye a gida ba tare da ko ƙwaya ɗaya ba.

Bayan La'asar rana ta karkata yamma, hasken ya daina kama gindin harsashi, ɗigon ya ɓace daga bidiyo. Muka kwance bargon, wanda ya samu 'yan ramuka da na ba Yaya haƙuri a kansu, muka tattara sanduna da takardu, na leƙa na yi wa manomin godiya.

Yanzu ƙarfe 11 na dare ya wuce, na zuba bidiyoyin a kwamfuta. Na ƙirga hotunan harbi ɗaya na harsashin farko daga tashin bindiga zuwa hudawar takarda, na samu 117, wato sakan 0.49, kuma kewayen yana fara bayyana ne wajen hoto na 65. Na rubuta wannan a littafina tare da gudun kowane gwangwani. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu kuma iska ta bari, zan goge bututun, na yi harbi ashirin domin ya sake ɗaukar dalma, sannan na koma kan gwangwanin farko na ga ko kewayen zai sake farawa a hoto na 65 ɗin.